Daga Takobin Jamus Zuwa Dinamon Injin Gudu: Yadda Hanyar Sabha Ta Saba Juya Kayan Waje

A wannan shafi muke sauke abin da muka tattauna a filinmu na tarihi a kan takarda, saboda wanda yake daji da bisashe ko yake bisa hanya da kaya lokacin da shirin ya fita.

Maganar wannan karo wani mai saurare ne ya jawo ta. Ya bugo mana waya daga Sabha, ya ce shi ɗan kasuwa ne mai sauko da kaya kudu. Ya je wurin masu sayen tsohon ƙarfe, sai ya tarar an jibge injinan motsa jiki guda uku, irin waɗanda mutum ke hawa yana ta gudu ba ya zuwa ko'ina. Masu wurin za su farfasa su ne su ɗora a sikeli. Sai wani yaro mai walda ya ja shi gefe, ya ce: “Alhaji, kar ka bari a fasa. Dinamon da ke ciki ya fi sauran ƙarfen duka daraja.” Abin da Alhajin ke tambaya shi ne: gaskiya yaron ya faɗa, ko so yake ya sa shi asara?

Amsar a taƙaice ita ce yaron ya yi gaskiya, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin za mu zo kansa. Kafin nan ina so ka zauna mu waiwaya baya, domin abin da yaron nan ya hango ba sabo ba ne a wannan hanya. Shekaru ɗaruruwa ke nan kaya na ratsa Fazzan da aikin da aka ƙera su dominsa, su iso hannun mutanenmu a ba su wani aikin daban.

Ruwan takobi daga Jamus, kube daga Kano

A shekarar 1850 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya taso daga Tarabulus ya sauka Murzuk, ya bi ta Gat, ya ratsa Abzin ya shiga Agadas, ya isa Kano a farkon 1851. Mutum ne mai ƙirga abin da ya gani a kasuwa. Cikin abin da ya rubuta akwai maganar takubba. Ya ƙiyasta cewa ruwan takobi wajen 50,000 ke shiga Kano duk shekara, kusan dukkansu daga garin Solingen na Jamus. Abin lura a nan, tsirara suke zuwa, ba ƙota ba kube. A Kano ake sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube, sannan Abzinawa da sauran masu saye su ɗauka. Wato Bature ya narka ƙarfe, amma ba ya zama takobin da za a rataya sai ya bi ta hannun maƙerinmu da badukunmu.

Haka ma liyari, kuɗin azurfar nan mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, wanda ake bugawa da shekarar 1780 a jikinsa ko da yaushe aka buga shi. A matsayin kuɗi ya shigo, amma je ka tambayi tsofaffin maƙeran farfaru na Agadas inda kakanninsu ke samun azurfar zobe da awarwaro da abin wuya. Da yawa daga liyarin nan a tukunyar narki suka ƙare. Wanda ya buga shi a Turai bai taɓa tunanin zai zama adon amarya a Ingal ba.

A wancan zamani Murzuk ce babban birnin Fazzan, Sabha kuwa ƙaramin zango ce mai dabino a kan hanyar da ta fito daga Tarabulus. Ayari na wucewa ta waɗannan garuruwa da allura da madubi da takarda da jan ƙarfe, ya koma da fata da gashin jimina da hauren giwa da turkuɗi. Kada mu ɓoye, har da bayi, kuma da yawansu a hamada suka mutu. Wannan ciniki ya fara ja baya ne da Turawa suka kama ƙasashen, ya kuma karye da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, saboda kayan da raƙumi zai yi watanni da su sai ga shi sun taso daga Ikko cikin ƴan kwanaki. Ayarin arewa ya mutu, amma ɗabi'ar duban kaya da idon “me zan iya yi da wannan?” ta rayu.

Rijiyar Fazzan da wuyan jaki

To, me ya sa maganar inji ke da nauyi a wannan ƙasa? Saboda ruwa. Kai makiyayi ka fi ni sani. A Fazzan ba a jiran ruwan sama, abin da ke ƙarƙashin ƙasa shi ne rayuwa, kuma duk tarihin wurin tarihin yadda za a ɗago shi sama ne.

Fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, mutanen da ake kira Garamantawa, waɗanda babban birninsu yake Jarma, yamma da Sabha, sun haƙa ramuka ɗaruruwa a ƙarƙashin ƙasa, ruwa na gangarowa da kansa daga gindin tsauni zuwa gonaki. Har yau ana ganin jerin bakunan ramukan a kwarin. Da ruwan ya yi ƙasa, ramukan suka bushe, sai aka koma rijiya da guga. Jaki ko sa ko mutum ne ke jan igiya, ya gangara ya dawo, tun asuba har rana ta take. Wanda ya san lambunan Abzin, a Timiya ko Tabelot, ya ga irin wannan: dabba na ja, wasaki na zubar da ruwa a kwararo, yaro na biye da ita. Ƙarfin da ake da shi ke nan, wuyan dabba da kafaɗar ɗan Adam.

Saboda haka duk abin da ke juyawa da kansa, ba ya cin ciyawa, ba ya gajiya, a wannan ƙasa dukiya ne. Riƙe wannan a zuciyarka, za mu dawo gare shi.

Abin da yaƙi da fetur suka bari

Italiyawa sun mamaye Fazzan a 1914, aka fatattake su kafin shekarar ta ƙare, suka dawo da ƙarfi a 1929 da 1930. Ganuwar nan da ke bisa tudu a Sabha, wadda hotonta ya daɗe a takardar dinari goma, ta zamaninsu ce. A watan Janairun 1943 sojojin Faransa ƙarƙashin Leclerc suka taso daga Cadi suka ƙwace yankin, Faransa ta riƙe shi har Libiya ta samu ƴancin kai ranar 24 ga Disamban 1951.

Yaƙin duniya na biyu ya bar ƙarfe a hamadar Libiya kamar an yi shuka: gangunan mai, gawar motoci, tayoyi, waya. Kafin fetur, sayar da wannan tarkace zuwa waje yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ƙasar, ka ji irin talaucin da ake ciki a lokacin. Ko jarkar da kake ɗaura wa jakinka, asalinta daga can ne. Jamusawa ne suka ƙera ta da ƙarfe don sojojinsu, Ingilishi suka gan ta a fagen yaƙin Arewacin Afirka suka kwaikwaya, sunan da suka laƙaba mata shi ne bakinmu ya mayar jarka. An yi ta don man tankar yaƙi, ta ƙare a bakin rijiya.

Daga nan jerin ya yi tsawo, kuma duk ka san su. Ganga ta zama ƙofa da murhu da kwamin shayar da dabbobi. Taya ta zama takalmi, robar cikinta ta zama guga, har wasakin fata ya fara ɓacewa. Gwangwanin madara ya zama fitila. Sifirin ɗin mota ya zama wuƙa da gatari da hauya, don maƙera sun gane ƙarfensa na riƙe kaifi. Kan inji da fistin na alminiyon suka narke suka zama tukwanen da ake dafa abincin biki da su daga Damagaram har Sakkwato. Kasuwanni sukutum sun tsaya a kan wannan sana'a: Katako a Yamai, Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano.

An gano fetur mai yawa a Zaltan a 1959, aka fara fitar da shi a 1961, Libiya ta tashi daga mai sayar da tarkace ta koma mai sayen sabbin injuna. Aka buɗe manyan gonakin gwamnati a Fazzan, irin na Maknusa, da famfuna masu zuƙo ruwa daga ƙasa mai zurfi. A daidai wannan lokaci fari ya afka mana, na 1973 da 1974, sannan na 1984. Wanda garkensa ya ƙare ya kama hanyar Dirku, Madama, Tumo, Gaturun, har Sabha. Iyayenmu da yawa a can suka fara riƙe sifana. Sun je aikin lambu da gini da gadi, suka dawo da sanin famfo da janareto da walda.

Su ma Libiyawan, duk da arzikin mai, sun ɗanɗani rashin kayan gyara. A farkon shekarun 1980 gwamnati ta rufe shagunan ƴan kasuwa ta mayar da ciniki hannunta, kaya suka yi wuya. A 1992 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, jiragen sama suka daina shiga da fita, ba a sassauta ba sai 1999, ba a ɗage gaba ɗaya ba sai 2003. A irin waɗannan shekaru ba a zubar da inji don wani ƙaramin abu ya lalace a ciki. A ciro na wannan a sa wa wancan, a sake naɗa waya, a sassaƙa abin da babu. Garejin Sabha makaranta ce, kuma ƴaƴanmu na cikin ɗalibanta.

Bayan 2011 sai wata matsalar ta ƙaru, ta ɗaukewar wuta na awanni masu yawa, har da wahalar mai a kudu, a ƙasar da ke haƙo shi. Da aka samu zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, buƙatar duk wani abu mai juyawa ta ninka: injin fasa dutse, injin jan guga daga rami, fanka mai tura iska ƙasa. Kaya masu yawa ta Libiya suka sauko, sababbi da tsofaffi. A cikin wannan kasuwa ce injin gudun da Alhaji ya gani ya faɗo.

Injin da aka fara ƙera wa fursuna

Shi kansa injin gudun yana da tarihi mai ban mamaki. A 1818 wani injiniya a Ingila, William Cubitt, ya ƙera wata doguwar ganga mai matakala don gidajen kurkuku. Fursunoni su jeru suna takawa, gangar na juyawa a ƙarƙashinsu, awa bayan awa, kamar mai hawa tsaunin da ba shi da ƙarshe. A wasu gidajen, kamar na Brixton a Landan, ƙarfin ƙafarsu hatsi yake niƙawa, a wasu kuma ruwa yake ɗagowa. Ka ga aikin jakin rijiyar Fazzan ke nan, aka ɗora wa mutum a matsayin horo. Sai a farkon ƙarni na 20 aka daina, bayan an yarda azaba ce.

Daga baya likitoci suka ɗauko dabarar. Wani likitan zuciya a Amurka, Robert Bruce, ya riƙa ɗora majiyyaci a kan bel mai tafiya yana auna bugun zuciyarsa, ya fitar da tsarin gwajinsa a 1963, har gobe ana amfani da shi a asibitoci. A ƙarshen shekarun 1960 wani injiniya, William Staub, ya ƙera ƙarami wanda za a ajiye a gida. Daga nan ya bazu duniya, ya shiga gidajen masu hali da wuraren motsa jiki, har Tarabulus da Bangazi da Sabha. Abin ya juye ke nan: da can mutum ke juya inji don a samu gari, yanzu inji ke juya bel don mutum ya rage teɓa.

Irin wannan kaya ba ya daɗewa a gida. A saye shi da zumuɗi, a hau wata biyu, ya koma wurin shanya tufafi. Ko bel ya tsinke, ko allon da ke nuna lambobi ya mutu, ko wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona wani abu. Sai a fitar da shi. Sau da yawa dinamon da ke ciki bai yi aikin kirki ba tukuna, lafiyarsa lau.

Doki da linzami

Yanzu ga abin da yaron mai walda ya sani. Idan ka buɗe murfin gaban injin, abu biyu za ka gani masu daraja. Na farko dinamo, mai faifan ƙarfe mai nauyi a bakinsa. Na biyu wani allo mai ƙananan kayan lantarki, wanda masu gyara ke ce wa ƙwaƙwalwa. Ɗauki dinamon a matsayin doki, allon kuma linzaminsa.

Yawancin dinamon da muka saba da shi, na famfo ko na injin markaɗe, wutar gari yake ci kai tsaye, kuma gudunsa ɗaya ne, kusan juyi 1,450 ko 2,900 a minti. Ba ka iya ce masa ya rage. Na injin gudun gida daban yake. Akwai maganaɗisu a cikinsa, kuma irin wutar batir yake ci, mai tafiya hanya ɗaya. Ka ba shi kaɗan ya juya a hankali, ka ƙara masa ya ƙara gudu, kuma ko a hankalin yana da ƙarfin ja, tunda an yi shi ne ya ja ƙato yana tafiya bisa bel. Waɗanda aka yi don ƙasashe masu wutar 220 galibi za ka ga an rubuta volt 180 a jikinsu, na Amurka kuma 90 zuwa 130. Aikin allon shi ne ya karɓi wutar gari ya mayar da ita irin wadda dinamon ke ci, ya kuma auna masa gwargwadon gudun da ake so.

Wannan iya rage gudu da ƙara shi, shi ne abin da mai sana'a ke nema. Mai huda ƙarfe yana son a hankali, kar bakin ya ƙone. Mai wasa wuƙa da aska yana son matsakaici. Maƙeri zai haɗa shi da fanka ya huta da zugazugi, ya ƙara iska ko ya rage yadda wutar ke so. Mai sassaƙa ƙafar kujera ko akushi, da baduku mai keken ɗinkin fata, duk suna amfana. Kuma tunda wutar faifan sola ita ma mai hanya ɗaya ce, mai gyaran da ya san aikinsa yana iya jera faifai ya tayar da shi a inda babu layin wuta sam. Idan kuma wani abu ne ya juya shi, iska ko inji, shi ne zai ba da wuta.

Kafin ka biya kuɗi, ga gwajin da ba ya buƙatar makaranta. Juya bakin da hannu, ka ji ko yana tafiya sumul ba ƙara. Haɗa manyan wayoyinsa biyu da juna ka sake juyawa: idan ya yi tauri, alama ce mai kyau. Sannan ɗora su a batirin mota, zai juya a hankali. Shinshina shi, wanda ya ƙone ba ya ɓoye wari. Duba gawayi biyun da ke gefensa, ko sun cinye. Kuma kar ka bar allon a baya, da wayoyinsa, da takardar da ke manne a jikin dinamon. Doki ba linzami, ka san ƙarshensa.

Ni kaina na ga wannan a gidanmu. Wani kawuna ya dawo daga Sabha da irin wannan dinamo a cikin buhu, yana murna zai haɗa dutsen wasa. Allon kuwa ya bar shi can, wai tarkace ne mai ƙara nauyi. Ya kai wa wani mai gyaran rediyo, shi kuma bai tsaya karanta abin da ke jiki ba, ya soka wayoyin a wutar janareto kai tsaye. Abin ya yi gurnani, ya yi tsalle bisa tebur, hayaƙi ya tashi. Kayan da ya ratso hamada lafiya ya mutu cikin ƙiftawar ido. Kawu bai yi magana ba har aka yi sallar la'asar.

Sai sharuɗɗan da na ce za mu zo kansu. Na ɗaya, allon nan yana kisa. Akwai wasu ƴan gwangwanaye a jikinsa masu riƙe wuta ko bayan an zare shi daga soket, kuma wutar da ke yawo a cikinsa ba a raba ta da ta gari ba. A sa shi cikin akwati, a sa fiyus, a haɗa wayar ƙasa, yara su yi nesa. Yawancin allunan ba sa tashi sai sun samu umarni daga allon sama mai maɓallai, don haka sai mai gyaran da ya san lantarki ya sa masa abin murɗawa a madadinsa. Na biyu, dinamon a buɗe yake, maganaɗisunsa na jawo garin ƙarfe, ga kuma rairayinmu. A yi masa rumfa, amma a bar masa hanyar iska. Na uku, faifan nan mai nauyi a wasu injinan da zare aka ɗaura shi, idan ka juya dinamon baya yana iya kwancewa ya tashi. Na huɗu, yana iya gudun da ya wuce juyi 4,000 a minti, dutsen wasa kuwa yana da iyakar gudun da aka rubuta masa, in an wuce ta fashewa yake yi a fuskar mai aiki. Na biyar, kar ƙarfin doki biyu ko uku da aka rubuta ya ruɗe ka. Ba a yi shi don ya wuni yana niƙa gero ko dakan kara ba. Ka ɗora masa aikin injin niƙa, kwanansa kaɗan ne. Manyan injinan wuraren motsa jiki kuma da yawansu wani irin dinamo ne da su daban, sai an duba takardar jiki.

Sikeli ko maƙera

To Alhaji, da kai da duk mai irin tambayarka, ga inda maganar ta tsaya. Kowane tsohon inji yana da farashi biyu. Akwai na sikeli: a fasa, a zare jan ƙarfe, a auna, a loda a mota ya tafi inda za a narka shi. Akwai kuma na aiki: ya isa hannun wanda zai ci abinci da shi shekaru. Mai sikeli kuɗinsa a hannu yake, shi ya sa guduma ke riga sifana isa wurin. Amma dinamon da aka fasa don ɗan jan ƙarfen cikinsa, an yanka saniya mai tatsa ne don a sayar da fata.

Farashin sikeli yana da wani mugun gefe da ya kamata mu faɗa. A watan Nuwamban 2013 wani rumbun makamai ya fashe a Birak Shati, arewa da Sabha, mutum wajen 40 suka mutu. Rahotannin lokacin sun ce mutane ne suka shiga neman jan ƙarfen da ke jikin harsasai, kuma akwai baƙi ƴan Afirka a cikinsu. Hamadar nan cike take da ragowar yaƙi, tsoho da sabo. Kai mai kiwo, idan ka ga ƙarfen da ba ka san shi ba a daji, kar ka taɓa, kar ka bar yaro ya ɗauka, kar ka kai wa maƙeri. Juya kayan waje sana'a ce ta wanda ya san abin da ke hannunsa.

Abin da ya bambanta zamaninmu da na masu ɗinka kube shi ne inda sanin yake. Maƙerin da ya karɓi ruwan takobi yana gane ƙarfe da ido da kunne, ya ƙwanƙwasa ya ji amonsa. Allon lantarki ba ya amo. Sai an iya karanta lambobin da ke jikinsa, an iya riƙe mitar awon wuta. Shi ya sa nake roƙon iyayenmu maƙera da masu gareji: yaron nan naku da ya yi ƴan shekaru a makaranta, mai yawan taɓa waya, ku jawo shi kusa da uwar maƙera. Shi ya karanta allo, ku ku nuna masa yadda ake ɗaure inji kar ya yi rawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma masu sauko da kaya, ku san abin da kuka ɗauko. Ku kwance dinamo da allonsa tare, ku naɗe allon a tsumma cikin kwali kar zafi da girgizar hanya su kashe shi, ku ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin ku cire ko ɗaya. A bakin iyaka ku faɗi gaskiyar abin da ke cikin buhu. Wanda ya mutu murus kuma ku bar shi inda yake, ƙasarmu ba juji ba ce.

Alhajin da ya bugo mana ya ce zai koma ya gwada ukun da batirin motarsa, in sun tashi ya saya, ɗaya ya ba yaron mai walda ladan shawara. Muna jiran ya sake kira ya gaya mana yadda ta kaya. Kai ma idan a garinku ko a mashekarinku akwai wanda ya mayar da wani tsohon inji abin amfani, famfo ne, ko fanka, ko abin da ba mu taɓa ji ba, ka aiko mana da labarin ta hannun direbobin da ke kawo wannan takarda, ko ka bugo lokacin shiri. Allah ya tsare hanya, ya albarkaci garke da kasuwa. Sai mun haɗu a fili na gaba.